Rufin garajin mota: yadda ake ba shi iska, da yadda ake tokare shi don kada guguwa ta yaye shi

A garuruwan kudancin Nijar, daga Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, Tawa, Maraɗi da Damagaram, masu mota da masu babur da yawa su ke gina wa kansu garaji a cikin gida. Mai gida zai sayo bulo da siminti, ya kira magini na ƴan kwanaki, daga baya kafinta ko mai walda ya ɗora rufi. Da wuya a nemi injiniya saboda ginin da bai wuce mita 6 a tsawo da mita 4 a faɗi ba. Sai dai wannan ƙaramin rufi yana fama da abubuwa biyu masu tsanani: zafin bazara da iskar farkon damina. Maganin zafi shi ne a buɗe wa rufin hanyoyin iska, amma kowace kafa da aka buɗe tana canza yadda guguwa ke taɓa ginin. Shi ya sa ake tsara hanyoyin iska da ɗaurin rufi tare, tun kafin a kafa kwano na farko.

Sassan rufi da sunayensu

Ƙashin rufin gaba ɗaya shi ne magina ke kira sharfanti. A cikinsa akwai ferm, wato katako ko ƙarfe da aka haɗa mai kusurwa uku, wanda ke tsallaka ginin daga bango zuwa bango. Kowace ferm tana da sandunan sama masu gangare, da sandar ƙasa wadda ke kwance tana riƙe ƙafafuwan biyu don kada su buɗe su ture bango, da ƙananan sanduna a ciki. A kan ferm-ferm ɗin ake jera sandunan da ake kira pan, su ne ake kafa kwano a kansu. A ƙarƙashin wannan duka akwai shenaji, ɗamarar kankare mai ƙarfe a ciki da ake zubawa a saman bango ta zagaye ginin.

Ana yin sharfanti da katako, ko da ƙarfen korniyer, ko bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, irin waɗanda ake samu a kasuwar Katako ta Yamai da sauran kasuwannin kayan gini. Azarar giginya, wadda dazuzzukan Dallol Mauri na yankin Gaya suka yi suna da ita, tana jure gara ƙwarai, amma ta fi dacewa da shimfiɗa a kwance fiye da haɗa ferm, domin tana tsagewa idan aka buga mata ƙusa, kuma saranta yana ƙarƙashin izinin ma'aikatan gandun daji.

Abin da guguwa ke yi wa rufi

Mutane da yawa suna ɗauka iska danna rufi take yi. A kan rufi mai ɗan gangare, irin wanda aka fi yi a Nijar, akasin haka ne: iskar da ke wucewa ta sama da gudu tsotsar kwanon take yi, tana neman ɗaga shi. Tsotsar ta fi ƙarfi a bakin rufi, da kusurwoyi, da ƙololuwa. Daga nan ne yayewa kan fara.

A yankin Sahel, hadarin damina yakan taso daga gabas, da iska mai ƙura a gabansa kafin ruwa ya sauka, kuma ta fi yin ɓarna a farkon damina, cikin watannin Mayu da Yuni. Ƙarfin iska yana ƙaruwa fiye da yadda gudunta ke ƙaruwa: idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin yana ninka huɗu. Iskar da ke gudun kilomita 100 a awa tana da matsin da ya kai kusan kilo 48 a kan kowane murabba'in mita. Garaji mai mita 6 da 4, idan aka haɗa da bakin rufin da ya fito waje, yana da rufi na murabba'in mita 30 ko kusa da haka. Ke nan abin da ke jan rufin sama zai iya kusantar tan ɗaya da rabi. Shi kuwa kwanon ƙarfe mai kaurin 35/100, wato milimita 0,35, nauyinsa kimanin kilo 3 ne a murabba'in mita, duka-duka bai fi kilo 100 ba a kan garajin. Nauyin rufi ba zai taɓa riƙe rufi ba. Duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da ake ɗorawa a kan kwano ba su cike wannan giɓi, kuma idan rufin ya tashi su ne ke faɗowa kan mutane.

Dalilin tokare ferm

Ferm tana da ƙarfi sosai wajen ɗaukar nauyin da ya zo mata daga sama, saboda siffar kusurwa uku ba ta sauya fasali sai wani ɓangare ya karye. Amma ta gefe ba ta da ƙarfi ko kaɗan, kamar ƙyauren da aka tsayar ba tare da madogara ba. Idan ferm biyar suna tsaye a jere, an haɗa su da pan kaɗai, to duk za su iya kwantawa gefe guda a lokaci ɗaya, domin pan ɗin tafiya za su yi tare da su. Abin da ke hana wannan shi ne tokarin gicciye.

Tokari iri uku ne ake bukata. Na farko shi ne na tsawo: sanduna miƙaƙƙu da ke bin tsawon ginin suna haɗa dukkan ferm, a sama aikin pan ne, a ƙasa kuma sai an sa wasu a kan sandar ƙasa. Na biyu shi ne na gicciye a ƙarƙashin kwano: sanda ko ƙarfe da ke tashi daga bakin bango zuwa ƙololuwa a karkace, kusan digiri 45, tana tsallaka ferm biyu ko uku, ana kafa ta a jikin kowace ferm da ta ratsa. A ƙaramin garaji ana sa shi a ƙarshen ginin biyu, a kowane gangaren rufi. Idan da siririn ƙarfe aka yi shi, dole a yi shi biyu su gitta juna, saboda siririn ƙarfe ja kawai yake iya riƙewa, idan aka tura shi lanƙwashewa yake yi. Na uku shi ne tokarin tsaye a tsakiyar ginin: daga ƙololuwar ferm ta ƙarshe zuwa sandar ƙasa ta ferm ta biyu ko ta uku. Shi ke tallafar bangon ƙarshe mai tsini, wanda iska ke buga wa kai tsaye.

Akwai wani abu da masu ginin kansu kan manta. A ranar da babu iska, sandar ƙasa ja take sha, kuma ko siririn ƙarfe yana iya jure ja. Amma sa'ad da guguwa ta ɗaga rufin, aikin yana juyawa: sandar ƙasa ta koma shan matsi. Doguwar sanda siririya da aka matsa daga ƙarshenta biyu lanƙwashewa take yi, kuma idan tsawonta ya ninka biyu, ƙarfin da za ta jure yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Sanda guda da aka kafa a tsakiya, ta bi tsawon ginin, kuma aka ɗaure ta da tokarin gicciye, tana raba wannan tsawo biyu, ta ninka ƙarfin sandar ƙasa har sau huɗu. Kuɗinta kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin sabon rufi.

Mahaɗa ita ce inda ferm ta fi mutuwa. A katako, ana rufe kowace mahaɗa da guntun katako ko farantin ƙarfe ta fuska biyu, da ƙusoshi isassu ko ƙusa mai noti. Ƙusa biyu da aka buga a karkace ba mahaɗa ba ce. A ƙarfe, ɗigon walda nan da can don a riƙe sanda ne kafin a gama aiki, dole a koma a cike shi, a kankare dattin walda, a shafa fentin hana tsatsa. Kuma ba a yanke wani ɓangaren ferm don a sami wurin ajiya, ba a kuma rataya injin mota a jikin sandar ƙasa. Mai son ɗaga inji sai ya tanadi wani ƙarfe dabam mai ginshiƙansa.

Ɗauri daga kwano har ƙasa

Ƙarfin da ke jan kwano sama dole ya sami hanyar da zai bi har ya kai harsashi: daga kwano zuwa pan, daga pan zuwa ferm, daga ferm zuwa shenaji, daga shenaji zuwa ginshiƙai da harsashi. Duk inda wannan sarƙa ta yi rauni, nan za ta tsinke. An sha ganin rufi ya tashi ɗungurungum da sharfantinsa, kwano ko ɗaya bai cire ba, saboda an ɗora ferm a kan bango an toshe da siminti kawai.

Ɗaurin ferm ana shirya shi ne ranar zuba shenaji. Ana dasa ƙarfe mai kaurin milimita 6 ko 8 a cikin kankaren, a maƙale shi a jikin ƙarfen shenaji, a bar ƙarshensa biyu a waje daidai inda kowace ferm za ta zauna, daga baya a naɗe shi a kan ferm ɗin a ɗaure. Ga sharfantin ƙarfe, ana dasa farantin ƙarfe ko ƙusa mai noti. Kankare yana bukatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, ko simintin Malbaza ne ko na waje. A bangon laka, inda babu shenaji, ana zura wayar ɗauri ta ratsa bangon a ƙasa da layuka da yawa na tubali, domin nauyin bangon ya riƙe rufin.

Wajen kafa kwano, ƙusa mai murɗi da roba a wuyanta, ko ƙugiya mai noti, sun fi ƙusa mai santsi riƙo nesa ba kusa ba. A kwano mai ƙananan tudu ana kafawa a kan tudu, inda ruwa ba ya bi. A bakin rufi, da ƙololuwa, da gefuna, ana ninka yawan ƙusoshi, a kafa a kowane tudu na biyu ko ma kowane tudu. Tazarar pan ta danganta da kaurin kwano, amma ga siririn kwano bai kamata ta wuce santimita 80 zuwa mita ɗaya ba, kuma a matso da su kusa a bakin rufi. Ana haɗa kwano da kwano da tudu ɗaya da rabi ta gefe, da santimita 15 zuwa 20 ta tsawo. Tunda hadari daga gabas yake zuwa, idan jerin kwanon gabas da yamma ne, ana fara shimfiɗawa daga yamma, domin bakin kowane kwano ya ba iska baya. Bakin rufin da ya fito waje da santimita 40 zuwa 60 yana kare bango daga ruwa da rana. Wanda ya fi haka sai an tokare shi ta ƙasa. Kwanon alminiyom kuma ba a ɗora shi kai tsaye a kan ƙarfe marar fenti ko a binne shi cikin ɗanyen siminti, domin dukansu suna cin sa.

Ranar ɗora rufi

Lokacin da ferm ta fi faɗuwa shi ne ranar da ake tsayar da ita, kafin a sa tokarin dindindin. Ferm ta farko ana daidaita ta da ma'auni ta tsaya cak, a tokare ta da sanduna har ƙasa ta fuska biyu. Kowace ferm da ta biyo baya ana ɗaure ta da wadda ta gabace ta nan take, da sanda miƙaƙƙiya da ta gicciye, kafin a sake ta. Ba a cire tokarin wucin gadi sai na dindindin ya kammala. Ba a tara ɗaurin kwano wuri ɗaya a kan sharfanti, ba a ɗaga kwano idan iska ta taso, kuma a lura da wayar lantarki da ke wucewa kusa da gida, domin dogon kwano ko ƙarfe ya taɓa ta, mutuwa ce. Kada a tashi aiki da yamma a bar kwano da ƙusa biyu-biyu da niyyar ƙarasawa gobe, musamman daga watan Mayu.

Dalilin ba garaji iska

Dalili na farko zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa yakan wuce digiri 40 a Yamai, Tawa da Damagaram, shi kuwa kwanon da rana ke duka yana iya kaiwa digiri 70. Wannan zafi yana sauka kan duk abin da ke ƙasa, yana rage kwanan batir, yana busar da roba da tayoyi, yana kumbura jarkar mai. Ƙarfe kuma miƙewa yake yi da zafi: kwanon ƙarfe mai mita 6 yana ƙara kusan milimita 3 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, na alminiyom kusan ninki biyu. Wannan kai da komowa na kullum shi ke faɗaɗa hujin ƙusa har rufi ya fara yoyo.

Dalili na biyu tururin man fetur ne. Ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, ya taru a kusurwoyi da cikin ramin gyaran mota, inda tartsatsi kaɗan ke isa ya kunna shi. Iskar da batir ke fitarwa lokacin caji kuwa, wato haidirojin, sama take tashi ta taru a ƙarƙashin kwano. Garaji na bukatar kafa a ƙasa da kafa a sama saboda waɗannan biyun.

Dalili na uku laima ce. A watan Agusta, idan aka shigar da jiƙaƙƙiyar mota aka rufe, raɓa takan taru a ƙarƙashin kwano da dare, ta ɗiga kan pan, ta ruɓar da katako, ta sa ƙarfe tsatsa daidai wurin mahaɗa.

Akwai haɗari guda da hanyoyin iska ba su magancewa. Hayaƙin injin mota, da na babur, da na injin wuta da ake kira gurub, yana ɗauke da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sama da sau 200. Tana fara wa mutum da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, har a zaci masassara ce, daga nan sai suma. Komai yawan kafofin garaji, ba a barin inji yana aiki a ciki, kuma ba a ajiye gurub a ciki idan wuta ta ɗauke. Wanda aka tarar ya jigata, a fitar da shi fili nan take, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo. Garajin da ke jingine da ɗakin kwana kada a bar taga ko wata kafa a bangon da ke tsakaninsu, kuma bangon ya kai har jikin kwano.

Inda ake buɗe kafofi da girmansu

Iska mai zafi sama take tashi. Idan ta sami mafita a sama, sai mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta, kuma gwargwadon nisan da ke tsakanin mashiga da mafita, gwargwadon ƙarfin jan. Kafa a sama kaɗai ba ta aiki sosai. Ana sa mashiga a ƙasan bango, santimita 20 zuwa 30 daga daɓe, sama da inda ruwan tsakar gida ke kaiwa. Ana sa mafita a wuri mafi tsawo: a bangon ƙarshe mai tsini, ko a dogon bango idan rufin gangare ɗaya ne, ko a ƙololuwa da aka ɗaga murfinta kaɗan. Bulo mai huji, wanda magina ke kira kulostara, ya dace da wannan aiki, musamman mai baki a sunkuye da ke hana feshin ruwa shiga. A sa kafofin a bangaye masu fuskantar juna domin iska ta ratsa.

Dokar gina gidaje ta Amurka ta ƙayyade murabba'in mita ɗaya na buɗaɗɗiyar kafa ga kowane murabba'in mita 150 na sararin da ke ƙarƙashin rufi. A garaji mai murabba'in mita 24, wannan ya kama 0,16, wato kulostara 8 masu santimita 20 da 20 idan rabin kowanne huji ne. Amma an yi wannan ma'auni ne musamman don laima. Zafin Sahel yana bukatar ninkinsa biyu ko uku, rabi a ƙasa rabi a sama. Ragar waya tana hana jemage, tsuntsu, ɓera da maciji shiga, sai dai raga mai ƙananan ido tana rage iska sosai, kuma ƙurar hunturu tana toshe ta, don haka sai an riƙa share ta.

Idan za a sa silin, a bar sarari tsakaninsa da kwano, kuma shi ma sararin a ba shi mashiga da mafita. Wannan dabara ta rufi biyu ita ce Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya yi amfani da ita a makarantar firamare ta ƙauyen Gando da aka kammala a 2001: ya ɗaga kwano sama da silin na tubali a kan ƙashin ƙarfe, iska tana ratsa tsakani. A kasuwar Dandaji ta jahar Tawa, Mariam Issoufou Kamara ta jera rumfunan ƙarfe a tsayi daban-daban domin su ba da inuwa iska kuma ta wuce. Farin fenti a saman kwano shi ma yana rage zafin da kwanon ke ɗauka.

Ƙofa da guguwa

Babbar ƙofar garaji ita ce inda zancen iska da zancen ɗauri ke haɗuwa. Idan ƙofar na buɗe tana fuskantar guguwa, iska za ta cika ɗakin ta tura rufin daga ciki, a daidai lokacin da ta waje ke tsotsarsa. Ƙarfin biyu suna haɗuwa, abin da rufin ke sha ya ƙaru matuƙa. Saboda haka, inda fili ya ba da dama, kada ƙofar ta kalli gabas. A yi mata sakata sama da ƙasa, a dasa madogararta cikin ginshiƙin kankare, a kuma rufe ta da zarar hadari ya haɗu. Kada a tara dukkan kafofi a bangon gabas, domin ƙananan kafofi da aka rarraba a bangaye daban-daban ba su tara matsi a ciki kamar babbar kafa guda. Rumfar mota marar bango, da rufin da aka ɗaga sama da bango, iska tana samun su ta sama da ta ƙasa, don haka ɗaurinsu ya kamata ya fi na rufaffen garaji, kuma a binne ƙafafun ginshiƙansu cikin kankare mai nauyi.

Dubawa kafin damina

Watan Afrilu ne lokacin duba rufi. Ana neman ƙusar da ta ɗago, robar da ta bushe, kwanon da ke kaɗawa a baki, tsatsa a wurin walda, da hanyar gara a jikin bango ko katako. Katakon da aka ƙwanƙwasa ya yi amo kamar fanko, gara ta cinye cikinsa. Ana tsayawa a ƙarshen ginin a dubi jerin ferm: idan wata ta karkata ko ƙololuwa ta lotsa, akwai tokarin da ya saki. Tsagewar bango a ƙarƙashin ƙafar ferm alama ce ta cewa sandar ƙasa ko ɗaurin ya yi rauni.

Garajin da faɗinsa ya wuce mita 6, ko wanda za a ɗora wa faifan sola ko tankin ruwa, ya wuce aikin ƙiyasi, sai an nemi injiniya ko ƙwararren mai fasahar gini ya auna. A cikin birane kuma, ofishin magajin gari ne ke ba da izinin gini, kuma gara a tambaya tun kafin a haƙa harsashi, musamman idan garajin zai buɗe kan titi ko ruwan rufinsa zai zuba wajen maƙwabci.